Sabar bakof ɗinmu tana ɗaukar lodi fiye da kima da daddare, ina neman shawara

Auwal, Gombe
Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan an tashi lafiya. Ina da matsala a wurin aiki da ta hana ni barci. Ni ke kula da kwamfutocin wani asibiti mai zaman kansa a nan cikin Gombe. Muna da saba guda da aka ware don bakof kaɗai, wato ajiye kwafin bayanai, manhajar Proxmox Backup Server ke kanta. Dell ce ta hannu, furosesa Xeon E5 mai ƙwaya 8, RAM 32 GB, faya-fayai shida masu juyawa an haɗa su rukuni ɗaya a tsarin ajiyar fayiloli na ZFS, irin haɗin da ake kira raidz2. Abin da ke ciki ya kusa 10 TB: bayanan marasa lafiya, na kantin magani, na akanta, da hotunan ɗakin gwaji.

Kwanan nan da dare ya yi sai lodin, wato lambar da ke nuna yawan ayyukan da ke kan sabar, ya haura 35, wani lokaci har 40. Bakof ɗin da a da yake gamawa kafin kiran Asuba yanzu har tara na safe yana ja. Masu yankan kati suna ta ƙorafi manhajarsu ta yi nauyi, majinyata na tsaye a layi. Shafin sabar ma da ƙyar yake buɗewa. Manaja ya ce ko in gyara, ko in kawo masa lissafin sabuwa. Don Allah me kuke gani?

Ɗanlami, Wunti
Wa alaikumus salam. Ƙanina, E5 ai ta ga jiya. Lodi 40 a kan ƙwaya 8 na nufin an ɗora mata ninki biyar na abin da za ta iya. Tunda manaja da bakinsa ya ce ka kawo lissafi, ka kai masa tun bai canza shawara ba. Irin wannan damar ba kullum take zuwa ba. Ina da hanyar da za a kawo maka mai furosesa biyu daga Legas.

Malam Bappah, Bauchi
Ɗanlami, dakata tukuna. Ba mu ma san ko furosesar ce ke wahala ba.

Auwalu, wannan lambar da kake kallo, a Linux ba aikin furosesa kaɗai take ƙirgawa ba. Tun 1993 aka sa ta riƙa haɗawa da ayyukan da suka tsaya cak suna jiran faifai ya ba su amsa, waɗanda za ka ga an rubuta musu D a cikin top, umarnin da ke nuna ayyukan da ke gudu. Kamar layin rijiyar burtsatse ne: idan ka ƙirga mutum 40 a tsaye, ba ka san ko mai buga famfon ne ya gaji ko ruwan ne ke zuwa a hankali ba. In ruwan ne, ko ƙarti goma ka kawo layin ba zai ragu ba.

Yau da daddare, lokacin da abin ya kama, ka buɗe top ka turo mana layin sama. Ina son ganin us, sy, wa da id, wato kason lokacin furosesa a aikin manhajoji, a aikin tsarin, a jiran faifai, da a zaman banza. Sannan ka danna 1 don ya nuna maka kowace ƙwaya ita kaɗai. Ka sa sysstat idan babu, ka kunna iostat -x 5 na ɗan lokaci, ka duba await (tsawon jira) da util (yawan shagaltuwa) na kowane faifai. Ka kuma faɗa mana jadawalin ayyukan sabar gaba ɗaya: ƙarfe nawa bakof, ƙarfe nawa tantancewa (duba lafiyar bakof ɗin da aka ajiye), ƙarfe nawa kwashe shara (goge bayanan da ba bakof ɗin da ke buƙatarsu).

Jibrin, Tumfure
Kafin a yi nisa, ka tabbata ba wani ne ya shigo maka ba. Akwai ɓarayin da in suka samu saba sai su dasa manhajar haƙar kuɗin kirifto irin su xmrig, su sa mata sunan da ya yi kama da na tsarin. Wasu ma suna saita ta ta tashi da dare kawai don kar a lura. Tunda ka ce da dare abin ke faruwa, ni nan hankalina ya fara zuwa. Ka duba crontab, wato jadawalin ayyukan da ke tashi da kansu, na kowane mai amfani, ka duba ss -tunp ka ga ko akwai hanyar da ke fita waje wadda ba ka sani ba.

Auwal, Gombe
Na gode ƙwarai. Oga Jibrin, na duba yanzu, ban ga baƙon abu ba, kuma sabar ba ta kallon intanet kai tsaye. Malam, in Allah ya kai mu dare zan turo.

Jadawalin ga shi: bakof na injinan Proxmox yana farawa 11 na dare. Tantancewa 12 na dare, kullum. Kwashe shara 2 na dare, kullum. Sai tura kwafi zuwa reshenmu na Kumo 3 na dare. Haka na gaje shi daga kamfanin da ya kafa mana.

Malam Bappah, Bauchi
To, ka ga an cusa abu huɗu cikin awa huɗu, duka a kan faya-fayai shida. Bari mu ga alƙaluman.

Auwal, Gombe
Barkanmu da dare. Ga abin da na gani ƙarfe 2:30. Lodi 38. A layin furosesa: us 31, sy 22, wa 41, id kusan 5. A iostat duka faya-fayan shida util ɗinsu yana kan 99 zuwa 100, await yana kaiwa 180 ms. Wanda ke saman jeri shi ne proxmox-backup-proxy, sai wasu masu suna z_wr_iss da txg_sync. Wani abin da ya ɗaure min kai: tantancewar jiya ba ta gama ba, tana nan tana gudu tun jiyan. Na leƙa baya, na ga kwanakin nan haka take, ba ta kaiwa ƙarshe kafin lokacin wata ya zo.

Ɗanlami, Wunti
Ai kun gani. Us da sy sun haura 50. Furosesar ma tana shan wuya, ba faifai kaɗai ba. Ni maganata tana nan.

Sadiya, Jekadafari
Ni dai a ganina mafita mai sauƙi ita ce a kashe tantancewar nan. Ita ke cinye komai. ZFS da kanta tana da lambar tantance kowane ɓangare, kuma tana gyara wa kanta. Me ya sa za a riƙa maimaita aiki? Mu a wurinmu mun kashe tamu tun bara, kuma shiru kake ji.

Hauwa, Bauchi
Sadiya, a nan kam ban yarda da ke ba, kuma ina roƙon Auwal kada ya ɗauki wannan shawara. Asibiti fa ake magana. Ranar da za a nemi bakof ɗin nan, ranar ce da komai ya riga ya lalace, likita na tsaye yana son ya san maganin da aka ba majinyaci jiya. A ranar ne za ki gano ko abin da kika ajiye yana buɗuwa. Shirun da kike ji ba ya nufin lafiya, yana nufin ba wanda ke dubawa.

ZFS tana tabbatar miki cewa abin da aka rubuta a faifai shi ne ake karantowa. Proxmox gutsure-gutsure yake ajiye bakof, ita kuwa ZFS ba ta san cewa bakof ɗin ranar Talata yana buƙatar gutsure kaza da kaza ba. Idan gutsure ɗaya ya ɓace, ko wani ya goge shi bisa kuskure, ko ya lalace tun kafin ya isa faifai, ZFS za ta ce miki komai lafiya. Tantancewar Proxmox ce ke bin jerin kowane bakof, ta buɗe kowane gutsure, ta sake lissafa SHA-256 ɗinsa, wato lambar shaidar da ake fitarwa daga abin da ke cikinsa, ta gwada da sunansa. Kuma saboda bakof da yawa suna tarayya a gutsure ɗaya, lalacewar guda na iya shafar na watanni.

Sadiya, Jekadafari
Yaya Hauwa na ji, amma tantancewar da ba ta taɓa gamawa wane amfani take yi masa? Yanzu haka ba ta tantance komai har ƙarshe, kuma tana hana bakof ɗin kansa gamawa. Gara a samu bakof da ya kammala ba a tantance ba, da a rasa duka biyun.

Hauwa, Bauchi
Wannan gaskiya ne, yadda take yanzu ba ta da amfani. Amma gyara ta za a yi. Auwal, buɗe aikin tantancewar ka faɗa min abu biyu. Akwai wurin da ake sa alama a ce ta tsallake waɗanda aka riga aka tantance, an sa ko ba a sa ba? Sannan a ƙasansa akwai kwana nawa za a jira kafin a sake tantance tsoho.

Auwal, Gombe
Anti Hauwa, ba a sa alamar ba. Wurin a buɗe yake.

Hauwa, Bauchi
Shi ke nan. Kullum dare kana umartar ta ta karanto duk rumbun daga farko. Lokacin da rumbun yake 2 TB tana iya gamawa, shi ya sa ba wanda ya lura. Yanzu ya kusa 10 TB. Yi lissafi: ko da tana karanta 200 MB a daƙiƙa ba tsayawa, 10 TB zai ci kusan awa 14. Kuma ba za ta samu wannan gudun ba alhali bakof na rubutu, shara na bin miliyoyin fayiloli.

Sa alamar, ka bar sake tantancewa a kwana 30. Da haka kowane dare sababbi kawai za ta duba, tsofaffi kuma su riƙa zagayowa sau ɗaya a wata. Ka matsar da ita zuwa bayan bakof ya gama.

Malam Bappah, Bauchi
Hauwa ta kama babban ɓarawon. Amma ni akwai abin da bai kwanta min ba. Sy 22 ya yi yawa, kuma z_wr_iss, aikin ZFS mai shirya rubutu, bai kamata ya hau sama haka ba a kan bayanan da suka zo a matse. Proxmox yana yanka bakof ɗin injina gutsure-gutsure na 4 MiB, ya matse su da zstd tun daga injin da ake ɗaukowa, sannan ya turo. Sabar ajiya aikinta ta karɓa ta rubuta. Auwalu, turo min sakamakon waɗannan:

zpool list
zfs get compression,dedup,recordsize,atime
zpool status -D

Auwal, Gombe
Malam ga shi. Compression an sa gzip-9. Dedup an sa on. Recordsize 128K. A zpool list, wurin DEDUP an rubuta 1.00x. A zpool status kuma akwai layin da ke cewa akwai shigarwa miliyan 70 da wani abu a teburin.

Malam Bappah, Bauchi
Inna lillahi. To ɗana, zauna in yi maka bayani, domin wannan shi ne ciwon da ke ƙasa.

Na farko, gzip-9. Shi ne mafi tsadar matsewa a cikin gzip ɗin ZFS. Kowane gutsure da ya iso, wanda zstd ta riga ta matse, sai furosesarka ta sake kama shi tana ƙoƙarin matsewa da dukan ƙarfinta, a ƙarshe ta ga bai ragu ba, ta rubuta shi yadda yake. Aikin banza tsagwaronsa. Mayar da shi lz4, wadda da ta ga abu ba ya matsuwa take sakinsa da wuri, ko ka kashe gaba ɗaya.

Na biyu shi ne mai nauyin. Proxmox da kansa yana cire maimaici: sunan kowane gutsure shi ne SHA-256 ɗinsa, don haka gutsure iri ɗaya ba ya shiga rumbu sau biyu. Wanda ya kunna dedup, wato cire maimaici, a ZFS ya sa ta neman maimaici a wurin da aka riga aka tsince shi. Shi ya sa ka ga 1.00x, wato kusan ba abin da ta rage maka. Amma kana biyan kuɗinta. Kowane ɓangare na 128K yana da shigarwa a teburin dedup, kuma kowace shigarwa tana cin wajen baiti 320 a RAM. Miliyan 70 sau 320 ya haura 22 GB. Kai kuma 32 GB gare ka gaba ɗaya, da tsarin da manhajar da ARC, ma'ajin wucin gadi na ZFS, duk a ciki. Teburin ba zai zauna a RAM ba, sai ya zube a faifai. Daga nan duk rubutu ɗaya sai an je an tono teburin a faifai tukuna. Gogewa ma haka, domin kowane ɓangare da shara ta cire sai an gyara lissafinsa a teburin.

Faifai mai juyawa 7200 ba ya wuce tsalle ɗari zuwa ɗari biyu a daƙiƙa idan wuraren a warwatse suke. Kuma raidz, ko faifai nawa ke cikin rukunin, a irin wannan karatun na warwatse kusan ƙarfin faifai ɗaya yake ba ka. Wannan ne wa 41 ɗin da ka gani.

Ɗanlami, ka ga abin da nake faɗa. Da ya sayi mai furosesa biyu, aka kwafe wannan saitin a kanta da faya-fayai iri ɗaya, da ya dawo nan bayan wata biyu da kuka iri ɗaya, ga miliyoyin naira sun tafi.

Ɗanlami, Wunti
Malam, na karɓa, ka fi ni sanin ZFS. Amma kar a manne wa tsohuwar nan kamar ba ta da aibi. E5 ba ta da umarnin SHA na musamman da ke cikin sababbin furosesa. AMD ta sa shi tun Zen a 2017, Intel kuma a Xeon na saba sai daga Ice Lake. Tantancewa a kan E5 da ƙarfin tuwo take lissafa SHA-256. Ya kunna proxmox-backup-client benchmark ya ga lambar da kansa. Ba don ina sayar da kaya nake faɗa ba.

Malam Bappah, Bauchi
Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma ko ba wannan umarnin, ƙwaya ɗaya tana lissafa ɗaruruwan MB a daƙiƙa, kuma faya-fayansa a halin yanzu ba sa kawo mata ko kusa da haka. Ranar da ya koma SSD, a ranar furosesar za ta zama ita ce cikas, sai mu zo wurinka.

Auwal, Gombe
Malam, in na rubuta zfs set dedup=off yanzu, shi ke nan ya warke?

Malam Bappah, Bauchi
A'a, kuma ka riƙe wannan da kyau. Kashewa sabon rubutu kawai take shafa. Tsofaffin ɓangarori suna nan a teburin har sai an goge su ko an sake rubuta su. Za ka ga sauƙi wajen rubutu nan take, amma shara za ta ci gaba da ja duk lokacin da take cire tsofaffi. Hanya biyu ce. Ko ka haƙura, yayin da tsofaffin bakof ke ƙarewa teburin ya riƙa raguwa a hankali, sai dai gutsuren da ba sa canzawa za su daɗe. Ko kuma ka buɗe sabon wuri marar dedup, ka kwashe rumbun zuwa can, ka tantance shi, sannan ka rushe tsohon. Ta biyun tana buƙatar fili kusan ninki biyu na ɗan lokaci, kuma rushe tsohon ma zai ɗauki lokaci, kar ka yi shi ranar aiki. Kada ka fara sai ka tabbata kwafin Kumo cikakke ne kuma an tantance shi.

Atime kuma, wato rubuta lokacin da aka taɓa fayil na ƙarshe, ka bar shi yadda yake. Za ka ga masu cewa a kashe don a samu gudu. Sharar Proxmox da shi take gane gutsuren da ake amfani da su: zagayen farko ta bi ta taɓa duk wanda ake buƙata, zagaye na biyu ta cire wanda ba a taɓa ba fiye da awa 24 da minti 5. Ba wurin gwaji ba ne.

Jibrin, Tumfure
Ni ɓangaren Windows na fi sani, amma darasin ɗaya ne. A Veeam, wata manhajar bakof, bayan kowane aiki yana nuna maka kashi huɗu, tushe, furoksi, hanyar sadarwa da wurin ajiya, ya ce ga inda cikas yake. Sau da yawa mutane na kukan furosesa, in ka duba sai ka tarar anti-bairos ce ke bin kowane fayil ɗin bakof tana caje shi yayin da ake rubutawa, don ba a cire mata waɗannan wuraren ba. Ko an sa matsewa a matakin ƙarshe, ko an bar ayyuka goma su tashi lokaci guda a kan ƙwaya huɗu. Na faɗa ne don masu karantawa da ke kan Windows.

Amma Auwal, tambaya ɗaya da ba wanda ya yi. Ka ce "kwanan nan" abin ya tsananta. Muna cikin Afrilu. Ɗakin sabar yana da sanyi da dare?

Auwal, Gombe
Oga Jibrin, gaskiya babu. Idan aka ɗauke wuta, janareta babba ana kashe shi 10 na dare, a koma ƙarami don ɗakin haihuwa da na gaggawa. Sabobin suna kan inbata, amma AC ba ya kai. Ɗakin ƙarami ne, taga ɗaya a rufe, rufin kwano da silin. Jiya da na shiga ƙarfe biyu, ƙarar fankokin kamar jirgi zai tashi, kuma na taɓa ƙarfen gefen akwatin na ji shi da zafi.

Jibrin, Tumfure
To shiga iDRAC, shafin lura da lafiyar sabar Dell, ka duba zafin iskar da ke shiga, da tarihin gargaɗi. Sannan a Linux ka yi dmesg ka nemi kalmar throttled. Idan furosesa ta yi zafi, rage gudunta take yi da kanta don kar ta ƙone. Aikin da take yi da kashi 30 a cikakken gudu sai ya koma cin 60, kai kuma ka ga kamar aiki ne ya ƙaru. Ƙa'idar ɗakunan saba 18 zuwa 27 ce a ma'aunin Celsius, irin waɗannan injinan kuma iyakar da aka ƙera su su jure kullum 35 ce. Ka duba faya-fayan ma da smartctl, su zafi ya fi yi wa illa a ɓoye.

Kuma yaushe rabon da a buɗe ta a bushe ƙura? Hunturun da ya wuce duk ƙurar da ta shiga tana nan a maƙale.

Auwal, Gombe
Na duba. Iskar shiga ta kai 39 a daren jiya, kuma akwai gargaɗin zafi da yawa tun daga tsakiyar Maris. A dmesg ma na ga layukan rage gudun. Da rana na kashe ta na buɗe murfin. Tsakanin ƙarafan sanyaya furosesar ƙura ta dunƙule ta zama kamar auduga mai ruwan ƙasa, na zare ta da hannu ta fito a faifaye guda. Gaban faya-fayan ma ramukan iskar rabinsu a toshe. Na fitar da ita tsakar gida na bi ta da bulowa, na riƙe kowace fanka da yatsa kar ta juya da ƙarfi.

Hauwa, Bauchi
Madalla. Yanzu ga abin da zan ce ka kai wa manaja, tunda ya riga ya buɗe bakin jaka. Kuɗin sabuwar saba a raba shi: ƙaramin AC mai inbata da zai iya kwana a kan batir ko sola, ƙarin RAM, da SSD biyu. RAM ɗin irin wannan injin na hannu yana samuwa. Takardun Proxmox da kansu sun ce a ba tsarin aƙalla 4 GiB, a ƙara 1 GiB kan kowane TiB na ajiya, kuma sun ce mai amfani da faifai mai juyawa ya sa na'ura ta musamman ta ZFS don bayanan fayiloli. Ita ce za ta sa shara ta daina ɗaukar awanni.

Ka kuma tuna masa cewa dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. Kwafin da ke tafiya Kumo, a rufe yake da mabuɗi? In ba haka ba, wannan ma magana ce. E5 tana da AES-NI, umarnin da ke hanzarta rufewa, kuma rufewar a injin da ake ɗaukowa ake yin ta, ba za ta ƙara wa sabar ajiya nauyi ba. Sai dai ka adana mabuɗin a wuri biyu, ɗaya a takarda.

Malam Bappah, Bauchi
Na goyi bayan Hauwa, da sharaɗi. Na'urar musamman ɗin nan, in ta mutu, rumbun duka ya tafi da ita. Dole SSD biyu masu kwafin juna, kuma irin na saba masu kariya daga ɗaukewar wuta, ba irin na laftof da ake sayarwa a kasuwa ba. A yanayin wutarmu wannan ba abin sakaci ba ne. Kuma da zarar ka haɗa ta da raidz ba ta ciruwa. Sabon rubutu kawai ke hawa kanta, don haka ka sa ta kafin ka kwashe rumbun, ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Jadawali kuma: bakof 11 na dare shi kaɗai. Turawa Kumo bayan ya gama. Tantance sababbi da asuba. Shara sau ɗaya a mako ta ishe ka, ka sa ta ranar da asibiti ya fi sauƙi. Ka tuna kuma tsarin da kansa yana kunna scrub na ZFS, wato karanta rumbun duka don neman lalacewa, Lahadi ta biyu a kowane wata da tsakar dare, kar ka haɗa shi da shara.

Sadiya, Jekadafari
Ni ma na koma na duba tamu. Na kunna tantancewa da alamar tsallakewa, zan bar ta ta kwana. Amma Malam, abu ɗaya ban gane ba. Sabar ajiya ce ke wahala, me ya haɗa ta da nauyin manhajar masu yankan kati, alhali a wani injin take?

Malam Bappah, Bauchi
Tambaya mai kyau. Lokacin da ake ɗaukar bakof ɗin injin da ke aiki, idan injin ya zo rubuta sabon abu a wurin da ba a kwafa ba tukuna, dole a fara tura tsohon zuwa sabar ajiya kafin a bar shi ya rubuta. In sabar ajiya tana jan ƙafa, shi ma sai ya tsaya jira. Shi ya sa mai yankan kati ke danna maɓalli ya zauna kallo. Daga Proxmox VE 8.2 an kawo fleecing, wanda ke ajiye tsohon a faifan gida mai sauri na ɗan lokaci maimakon jiran sabar. Auwalu, in naka ya kai wannan sigar kuma kana da fili a SSD ɗin injinan, kunna shi.

Auwal, Gombe
Assalamu alaikum, ga rahoto. Na sa alamar tsallakewa, na mayar da matsewa lz4, na kashe dedup, na raba jadawalin yadda Malam ya tsara, na kunna fleecing. Daren jiya lodin bai wuce 9 ba, bakof ya gama 2:40, kuma yau da safe ba wanda ya kira ni daga wurin kati. Iskar shiga tana 34 bayan bushe ƙurar da barin ƙofa a buɗe da fanka, wanda na san ba mafita ba ce.

Abin da ya rage: na gwada shara da rana, ta yi awa shida tana ja, lambar wa ta koma sama da 30, kamar yadda Malam ya ce. Manaja ya amince da AC da RAM, SSD ɗin ya ce sai ƙarshen wata. Kwafin Kumo ba a rufe yake ba, kuma na tarar ba a taɓa tantance shi ba, na kunna yanzu.

Hauwa, Bauchi
Kafin ka taɓa rumbun, ka ɗauki bakof ɗin injin kantin magani daga Kumo, ka dawo da shi a matsayin sabon inji marar hanyar sadarwa, ka kunna, ka shiga ka ga bayanan jiya da idonka. Ka auna minti nawa ya ci, ka rubuta wa manaja.

Ɗanlami, Wunti
RAM ɗin irin ta saba ce mai ECC, wato mai gyara kuskure, ka turo min hoton takardar da ke jikin wadda ke ciki don kar a kawo wadda ba za su zauna tare ba. SSD ɗin ma zan nemo maka masu kariyar wuta, in turo lambarsu Malam ya duba kafin a biya.

Malam Bappah, Bauchi
Turo. Auwalu, kai kuma kar ka fara kwashewar sai SSD sun iso kuma gwajin Hauwa ya yi kyau. Ka zaɓi daren Juma'a, ka tabbata akwai mai a janareta na kwana biyu, ka sanar da ni tun ranar Alhamis in bar wayata a kunne.